In Motarka Ta Shiga Shan Mai, Ƙarfi Kuma Ya Ragu

Kai manomi mai a-kori-kura, ko kai da ƙungiyar ƙauyenku ta damƙa wa motar jama'a, wannan takarda dominka aka rubuta ta. Lokacin tsinkar auduga mota ba ta hutawa. Daga gona zuwa gida, daga gida zuwa kasuwar auduga, in za ta komo kuma ta ɗauko taki ko buhunan hatsi. A wannan lokaci ne takan zo da ciwo biyu tare: tana shan gazuwal fiye da dā, in kuma ta zo hawan tudu sai ta yi kamar jakin da ya kwana da yunwa. Gazuwal shi ne man da mutanen Nijeriya suke ce wa gas ko dizal.

Da yawa daga masu mota, da sun ga haka sai su nufi gareji su ce a kwance famfon mai. Famfon nan kuwa yana cikin kayan da suka fi tsada a jikin inji, kuma sau da yawa ba shi ne mai laifi ba. Wani lokaci abin da ya hana motar ƙarfi bai wuce ƙurar hunturu da gashin auduga ba, abin da kai kanka za ka gyara kafin ruwan shayi ya tafasa. Saboda haka ka bi abin daki daki. Ka fara da wanda ba ya cin kuɗi, ka bar mai tsada sai ƙarshe.

Ka fara da awo

Kada ka ce motarka tana shan mai sai ka auna. Allurar da ke nuna yawan man tanki ba abar dogaro ba ce, balle a tsohuwar mota. Ga yadda za ka yi. Ka cika tanki har baki, ka rubuta lambar kilomita da ke gaban direba. Ka yi aikinka yadda ka saba kwana uku ko huɗu. Sa'an nan ka koma ka sake cika tanki har baki, ka rubuta lita nawa ta ci, da kilomita nawa ta yi. Misali, in ta yi kilomita 300 ta ci lita 42, to, tana shan lita 14 ke nan a kowace kilomita 100.

A-kori-kura mai lafiya, irin Hilux da 'yan'uwanta, in lodinta daidai ne kuma hanya ba ta da muni ƙwarai, takan sha wajen lita 9 zuwa 11 a kilomita 100. Babbar Land Cruiser mai silinda shida ta fi haka sha, wannan halinta ne. To, in taka ta saba shan 10 yau tana shan 14, lita 4 ke nan suke zubewa a kowace kilomita 100. In ka yi kilomita 5,000 a kakar auduga ɗaya, ka yi asarar lita 200, wato duro guda cur. Ka lissafa kuɗin duron nan da farashin garinku, ka ga buhun taki nawa ne.

Abu biyu sukan ɓata awo. In an sa wa mota taya wadda ta fi tata ta asali girma, lambar kilomita takan nuna ƙasa da abin da motar ta yi, sai ka ga kamar shan mai ya ƙaru. Na biyu kuwa, wani sa'in ba inji ne yake shan man ba, mai ƙafa biyu ne da tiyo da jarka. Ba a zargin kowa, amma in ka sa wa tanki kwaɗo ka ga awo ya koma daidai, ka huta da zuwa gareji. Ka kuma duba ƙasa inda mota ta kwana, ko akwai ɗigon mai.

Yadda injin gazuwal yake aiki

Wani Bajamushe mai suna Rudolf Diesel ne ya ƙago wannan inji, na farkon da ya yi aiki sosai kuwa a 1897 aka gama shi. Ya bambanta da injin fetur, domin ba shi da fulogin da ke ba da tartsatsi. Fistin ne yake zuƙo iska zalla cikin silinda, ya matse ta har ta koma kamar kashi ɗaya cikin ashirin na girmanta. Matsar nan takan sa iskar ta yi zafi fiye da digiri 500. A daidai wannan lokaci nozul yake fesa gazuwal kamar hazo, sai ya kama wuta da kansa, ya tura fistin ƙasa.

Ka ga ke nan abu uku injin yake bukata: iska mai yawa, mai tsabtatacce wanda aka fesa a kan lokaci, da matsi mai ƙarfi. Ko wanne ya ragu, ƙarfi ya ragu. Direba kuwa da ya ji mota ba ta ja sai ya ƙara taka totur, mai ya ƙara zuba, ba ya ƙonewa duka. Shi ya sa rashin ƙarfi da shan mai suke tafiya tare, kamar ɗanjuma da ɗanjummai.

Iska

Nan ne ya fi kamata ka daɗe, domin nan ne motar auduga ta fi shan wuya. Kafin lita ɗaya ta gazuwal ta ƙone sarai, sai inji ya zuƙi iska aƙalla lita 10,000, wato cikin duro 50. Dukan iskar nan ta cikin filta ɗaya take bi. Yanzu ka tuna lokacin da ake kwasar auduga. Hunturu ya sauka, hanyar burji ta bushe, kana bin bayan babbar mota cikin ƙura, ga kuma gashin auduga yana tashi a wurin awo da wurin lodi. Filtar da littafin mota ya ce ta yi watanni, a nan mako biyu ya isa ta toshe. Ka ɗaure wa mutum rawani a hanci da baki ka ce ya yi noma, ka ga iyakar abin da zai yi.

Ka buɗe gidan filta ka ciro ta. In ta takarda ce, ka bubbuga ta a hankali da tafin hannu, ba a kan dutse ba. In akwai iskar famfo a kusa, a hura daga ciki zuwa waje, kada a hura daga waje, domin ƙurar za ta ƙara nutsewa. Kada ka wanke ta da ruwa ko fetur. Sa'an nan ka sa tocila a cikinta ka duba. In haske bai fito ba ko kaɗan, ta toshe, a sake ta. In kuma ka ga haske ta wani ɗan rami, ta huje, ita ma a sake ta. Tsofaffin motoci waɗansunsu suna da filta mai kwanon baƙin mai a ƙasa. Wannan sai a zubar da man, a wanke laka, a zuba sabo daidai layin da aka zana.

Akwai masu cire filta gaba ɗaya su ce mota ta sami numfashi. Gaskiya ne za ta ja na 'yan kwanaki. Amma ƙurar nan yashi ce, tana shiga silinda tana cin ƙarfe kamar dutsen wasa wuƙa, kafin kaka ta ƙare inji ya tashi aiki. Haka kuma in robar da ke tsakanin filta da inji ta tsage. Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga. Ka bi robar nan da hannu, ka lanƙwasa ta ka duba, ka ɗaure duk maɗaurin da ya yi sako-sako.

In motarka mai turbo ce, akwai tiyo masu kauri da ke kai matsattsiyar iska cikin inji. In ɗaya ya fashe ko ya kwance, za ka ji tana huci ko fito in ka taka totur, ga baƙin hayaƙi, ga rashin ja. Ka nemi inda ƙura ta manne da danshin mai a jikin tiyo, galibi nan ne ɓarakar take. Bayan doguwar tafiya da lodi kuma, ka bar inji ya yi minti ɗaya ko biyu yana aiki a tsaye kafin ka kashe, don turbo ya huce.

Ta baya ma iska tana bukatar hanya. Salansar da dutse ya mokaɗe takan riƙe hayaƙi, inji ya shaƙe. Ka leƙa ƙarƙashin mota ka gani. Da ka leƙa kuma, ka cire duk audugar da ta maƙale kusa da salansa, domin gobara daga nan take tashi.

Abin da hayaƙi yake faɗa

Ka sa wani ya taka totur, kai ka tsaya gefe ka duba. Baƙin hayaƙi yana nufin mai ya fi iska yawa: ko filtar iska ta toshe, ko nozul yana zubar da mai maimakon fesawa, ko lodi ya fi ƙarfin mota. Farin hayaƙi mai yaji a ido gazuwal ne da bai kama wuta ba. In da sassafe ne cikin sanyi, ya ɓace bayan minti kaɗan, ba kome, ko kuwa hita ce ta fara mutuwa. In ya ƙi ɓacewa bayan inji ya yi zafi, to, lokacin fesa mai ya goce, ko matsi ya ragu. In fari ne kamar tururi, ruwan lagireto kuma yana raguwa kullum, gasket ya ƙone, kada ka ƙara tafiya da ita. Shuɗin hayaƙi kuwa baƙin mai ne inji yake ƙonawa.

In ko mota ba ta ja amma hayaƙinta garau ne, ba baƙi ba fari, ka fi zaton mai ne ba ya isa inji.

Mai

Cikin famfon mai da nozul akwai ƙarafa da ke gogar juna, tsakaninsu bai kai kashi ɗaya cikin goma na kaurin gashin kai ba. Ƙwayar yashi ɗaya ta isa ta karce su. Ruwa kuwa tsatsa yake sa musu. Gazuwal ɗin da kansa ne yake shafe su don kada su ci juna, shi ya sa man da aka gauraya da kananzir yake kashe famfo a hankali, wanda aka gauraya da fetur kuma ya kashe shi da sauri.

An san a ƙauye ba kullum ake samun gidan mai ba, dole wani lokaci a saya a jarka wurin 'yan bumburutu. To, in ya zama dole, ka zuba kaɗan cikin farar kwalba ka ajiye ta zauna. Ruwa ya fi gazuwal nauyi, lita ɗaya ta ruwa kilo guda ce, ta gazuwal kuwa ba ta wuce giram 850 ba, saboda haka ruwa da laka za su kwanta a ƙasa ka gan su da idonka. Ka shinshina kuma, warin kananzir da na fetur ba sa ɓuya. In kana ajiye mai a duro, ka bar shi ya kwana bai motsa ba kafin ka ɗiba, kada tiyo ya taɓa gindin duro, kuma ka tace da mazurari mai tsabta. Araha ba ta ado.

A ƙarƙashin filtar mai ta yawancin motocin nan akwai wurin da ruwa yake taruwa, da ɗan makunni da ake kwancewa da hannu. Ka tara kwano, ka kwance shi, ka bar ruwa ya fita har sai mai zalla ya biyo, ka ɗaure. In wata fitila ta kama a gaban direba mai alamar filta da ɗigon ruwa, wannan aikin take kiranka ka yi, yau ba gobe ba. Ita filtar man ba a wanke ta, sakewa ake yi. Alamar toshewarta ita ce mota ta yi lafiya lau a fili, amma a kan tudu ko da lodi ta riƙa shiɗewa kamar za ta mutu. Kafin kaka ta kama ka sayi guda ka ajiye cikin mota, domin ba a fafe gora ranar tafiya.

Iska ma takan shiga hanyar mai ta tiyon da ya tsufa, inji ya riƙa tari, da safe ya yi wuyar tashi. A saman filta akwai ɗan famfon hannu. In ka danna shi sau da yawa kafin ya yi tauri, iska tana shiga ta wani wuri. Ka lura da murfin tanki kuma. Na asali yana da hanyar shigar iska. In ya ɓata aka toshe bakin da leda da tsumma, mai ba zai gudana sosai ba, ga ƙura da zare suna faɗawa ciki.

Wani sa'in inji lafiyarsa ƙalau

Mota takan rasa gudu ba don inji ya gaza ba, sai don wani abu yana riƙe ta. Bayan ka yi tafiyar kilomita kaɗan ba ka taka birki da yawa ba, ka tsaya ka kai bayan hannunka kusa da ƙarfen kowace ƙafa. Wadda ta fi sauran zafi, birkinta yana kamawa. Ka ɗaga ta da jak ka juya taya, ya kamata ta juya ba gardama. Wayar birkin hannu da laka ta cinye ita ce ta fi yin wannan.

Taya mai ƙarancin iska tana cin mai kamar tafiya cikin rairayi. Ka auna da geji da safe kafin taya ta yi zafi, kada ka dogara da bugun ƙafa. Yawan iskar da ake so yana rubuce a jikin ƙofar direba ko cikin littafin mota, na lodi dabam, na mota wofi dabam. In motar mai jan ƙafa huɗu ce, da ka fita daga yashi ko laka ka mayar da ita jan ƙafa biyu, ka kuma kwance makullan ƙafafun gaba in tana da su.

Kuloci kuma yakan cinye. Ka sa babbar giya a kan ɗan tudu ka taka totur. In inji ya yi ruri amma gudu bai ƙaru ba, ga wani wari kamar na ƙonannen tsumma, kuloci ne yake sulɓewa. Direban da ke ɗora ƙafa a kansa yana tafiya shi ne yake jawo haka.

Sai lodi. A-kori-kura irin wannan, abin da aka yi ta ta ɗauka wajen tan ɗaya ne, har da mutanen da ke ciki. Auduga ba ta da nauyi kamar hatsi, shi ya sa akan tula ta har ta ninka tsawon mota. Amma tulin nan bango ne kake turawa cikin iska, kuma in ka ninka gudu, turjiyar iska sau huɗu take ƙaruwa. Mai tafiya a kilomita 60 da dogon lodi zai iske mai 90 a gidan mai. Ka danne auduga da kyau, ka rufe da tamfol, ka ɗaure kada ya riƙa kaɗawa. In kuma kana layi a wurin awo, ka kashe inji. A tsaye ma yakan sha rabin lita zuwa lita guda a kowace sa'a.

Zafin inji

Gashin auduga yakan like a fuskar lagireto kamar bargo, inji ya yi zafi, ƙarfi ya faɗi. Ka share shi da tsintsiya mai laushi, ko a hura iska daga baya. Kada ka buɗe murfin lagireto inji yana da zafi, ruwan zai tashi ya ƙone ka. Akwai kuma wata al'ada ta cire ɗan bawul ɗin da ke tsare ruwa har inji ya ɗumama, a ce wai na ƙasar sanyi ne. Wannan kuskure ne. An yi inji ya yi aiki ruwansa yana wajen digiri 80 zuwa 90. In bawul ɗin ba ya nan, da asubahin hunturu inji yakan daɗe bai ɗumama ba, ya sha mai, ya tara baƙi a ciki. In ya lalace a sa sabo.

Ka ja sandar awon baƙin mai kowace safiya. In ka ga man yana ƙaruwa maimakon raguwa, kuma yana warin gazuwal, to, gazuwal yana zurarewa ciki. Wannan na gaggawa ne.

Sa'ad da za ka je gareji

In ka bi duk waɗannan ba ka sami laifi ba, yanzu ne lokacin makaniki. Kafin ka tafi ka yi gwaji ɗaya. Inji yana aiki a tsaye, ka buɗe murfin da ake zuba baƙin mai. Ɗan huci kaɗan ba laifi ba ne. In kuwa yana busa hayaƙi kamar zugazugin maƙeri, zoben fistin ya cinye, matsi yana tserewa, gyaran famfo ba zai yi maka kome ba.

Ka san irin injinka tukuna. Tsofaffi, irin na Peugeot 504 da Hilux na dā da Land Cruiser mai injin 1HZ, famfonsu na ƙarfe ne zalla. A irin waɗannan, a fara daidaita bawul, a duba lokacin fesa mai, sa'an nan a ciro nozul a gwada su a na'urar gwaji a gabanka. Mai lafiya yana fesa hazo da ƙara, marar lafiya yana ɗiga ko ya yi tsartuwa. Sai in duk sun fita lafiya za a taɓa famfo. Kada ka yarda a murɗa sukurun famfo wai a ƙara wa mota mai. Za ta ɗan ja, amma da baƙin hayaƙi da zafi, kai kuma ka biya a gidan mai.

Sababbin injuna kuwa, irin waɗanda suka fara shiga ƙananan motoci tun 1997, wanda Toyota take rubuta wa D-4D a jiki, kwamfuta ce take sarrafa man. In ta ji wani abu ba daidai ba takan rage wa inji ƙarfi da gangan don kada ya lalace, ta kunna fitila a gaban direba. Irin wannan sai a kai ta wurin mai na'urar karanta laifi, kada a bar kowa ya yi ta canke-canke yana sake kaya. Sau da yawa laifin bai wuce wata 'yar na'ura mai auna iska da ƙura ta rufe ba, ko bawul mai mayar da hayaƙi cikin inji da baƙi ya cika.

Ka kiyaye da wannan ƙwarai. Man da ke cikin siraran bututun ƙarfe masu zuwa nozul, ko a tsohon inji, matsinsa ya fi na iskar taya sau 50. A sabon inji kuwa ya fi sau 600. In bututu ya tsage, man yakan huda fatar mutum kamar allura, har ya jawo a yanke yatsa ko hannu. Kada ka nemi yoyo da hannu inji yana aiki, kada ka bar yaron mota ya yi. In abin ya sami wani, a kai shi asibiti nan da nan ko da ramin bai fi cizon sauro ba, a gaya wa likita gazuwal ne ya shiga.

Da za ka shiga gareji, ka tafi da takardar awonka. Ka gaya wa makaniki lita nawa take sha yanzu, nawa take sha dā, wane irin hayaƙi ka gani, da abin da ka riga ka duba. A yi ciniki kafin a kwance kome. Duk abin da aka sake, ka ce a ba ka tsohon a hannu. Bayan gyara kuma ka cika tanki har baki, ka rubuta lambar kilomita, ka sake awon nan na farko a hanyar da ka saba bi, da irin lodin da ka saba ɗauka.